Yadda Ake Hasashen Hadari Mai Ƙanƙara da Iska

Duk sa'ad da mai karanta labarai a rediyo ya ce gobe da yamma ana sa ran hadari mai ƙarfi a wuri kaza, da wuya a rasa wani dattijo a majalisa wanda zai girgiza kai ya ce wannan shisshigi ne cikin ilmin gaibi, alhali kuwa shi kansa dattijon, idan ya fito daga sallar azahar ya ji gari ya yi luf, gumi yana tsattsafo masa ba tare da ya yi aikin kome ba, sa'an nan ya ɗaga kai ya ga gabas ta fara haɗe rai, ba zai jira fatawar kowa ba kafin ya aika gida a kwashe shanya a ɗaure awaki. Malamanmu tun dā sun rarrabe tsakanin mai da'awar sanin ɓoye ta hanyar duba ko bugun ƙasa, da mai kafa hujja da alamun da Allah Ya sanya cikin halittarSa bisa ga al'adar da ta saba gudana. Na farkon bokanci yake yi. Na biyun istidlali yake yi, kuma iyakar abin da istidlali irin wannan ke haifarwa shi ne zato mai rinjaye, wanda darajarsa ba ta kai ta yaƙini ba, amma hankali da shari'a duka sun yarda a gina aiki a kansa. Malaman yanayi suna cikin kashi na biyu, kuma bambancinsu da wancan dattijo shi ne shi yana karanta alamun da ke iyakar ganinsa, su kuwa suna da ma'aunai da ke kai musu labarin abin da ke gudana a tsawon kilomita 10 bisa kansu da nisan kilomita 1,000 daga inda suke zaune.

Ba kowane hadari ne ke tayar musu da hankali ba. A Amurka, inda wannan fanni ya fi bunƙasa saboda yawan ta'adin da suke gani kowace shekara, hukumar yanayi ta gindaya sharaɗi cewa hadari ba ya shiga sahun masu tsanani sai ya zo da ɗayan abu uku, watau ƙanƙara wadda kaurinta ya kai inci 1, kimanin santimita 2.5 ke nan, ko iska mai gudun kilomita 93 a awa, ko kuwa guguwar nan mai murɗawa da suke kira tonado. Yawan ruwa da aradu ba su shiga wannan sharaɗi ba, ko da yake suna halaka mutane, domin ambaliya tana da nata babin, tsawa kuwa babu hadarin da ya kuɓuta daga gare ta.

Asalin kowane hadari iska ce mai hawa sama. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kwance a kanta takan ɗumama ta rage nauyi ta tashi, tana hawa tana hucewa, kimanin digiri 10 a kowace kilomita, har ta kai inda tururin ruwan da ta ɗauko zai fara komawa ɗigo-ɗigo, nan ne kuwa gindin girgije. A wannan gaɓa hikimar take, domin tururi idan zai koma ruwa yakan saki zafin da ya sha sa'ad da ya tashi daga teku ko tafki, wannan zafi kuma shi ke hana iskar saurin hucewa, sai ta kasance ta fi ta kewayenta ɗumi, ta yi ta hawa babu mai tsayar da ita, har girgijen ya kai tsawon kilomita 12 ko 15, a ƙasashe masu zafi irin namu ma ya zarce haka, kansa ya baje ya yi faɗi. Saboda haka tambayar farko da mai hasashe ke yi wa kansa da safe ita ce ko akwai isasshen danshi a iskar da ke kusa da ƙasa, ko iskar can sama ta yi sanyin da zai bar ta ƙasan ta ratsa ta, da kuma me zai ba ta turin farko, dutse ne za ta hau, ko iyakar da iska biyu masu bambancin hali suka yi karo, ko sanyin da wani tsohon hadari ya bari a baya. Amsar kuwa ba daga ƙasa ake samunta ba. Sau biyu kowace rana, a lokaci ɗaya ko'ina cikin duniya, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare da ƙarfe 1 na rana a agogon Nijeriya da Nijar, ma'aikata a ɗaruruwan tashoshi sukan cika balan-balan da iska marar nauyi, su ɗaura masa ɗan akwati mai auna zafi da danshi da nauyin iska, su sake shi, yana hawa yana aiko da abin da ya tarar ta hanyar rediyo, karkatarsa kuma tana nuna inda iska ta dosa da saurinta a kowane mataki, har ya kai wajen kilomita 30 ya kumbura ya fashe.

Wani abin mamaki da waɗannan ma'aunai suka bayyana shi ne, ranakun da suka fi hatsari sau da yawa su ne waɗanda hadari ya yi jinkirin tasowa a cikinsu. Yakan faru a sami wani shimfiɗi na iska mai zafi da bushewa ya kwanta bisa iskar ƙasa mai danshi, a tsawon kilomita 1 ko 2, ya hana ta hawa, malaman yanayi kuwa murfi suke ce masa. Muddin murfin nan yana nan, sararin sama sai ya zauna garau, zafi da danshi suna ta taruwa a ƙarƙashinsa tun safe har la'asar, kuma idan ya fashe a wuri ɗaya, duk ƙarfin da ya taru ta wannan kafa zai fita, girgije ya tashi daga babu ya kai maƙura cikin abin da bai kai awa guda ba. Idan kuwa bai fashe ba, rana ta faɗi ba ko ɗigo, mutanen da aka tsoratar su kwana suna zagin mai hasashe. Tsakanin fashewa da rashinta wani lokaci digiri 1 ko 2 ne kurum, kuma ni a ganina wannan mas'ala ita kaɗai ta isa ta sa mai adalci ya sassauta wa waɗannan bayin Allah zargi.

Sauran rukuni guda, wanda shi ne ke raba hadarin da zai yi ruwa ya wuce da wanda zai yi ɓarna, shi ne saɓanin iska, watau iskar sama ta bambanta da ta ƙasa wajen sauri ko wajen fuskar da ta nufa. A shekarar 1946 a jihar Fulorida, da 1947 a jihar Ohayo, wasu malamai ƙarƙashin Horace Byers da Roscoe Braham suka sa matuƙa jiragen yaƙi suna kutsawa cikin gizagizan hadari da gangan suna aunawa, daga nan aka tabbatar cewa hadari na yau da kullum shi ke kashe kansa, domin ruwan da ya haifa yakan faɗo ta hanyar da iska ke hawa ya toshe ta, shi ya sa rayuwarsa ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Amma idan akwai saɓanin iska, sai girgijen ya karkata, ruwa ya zuba a gefe guda, iska ta ci gaba da hawa a ɗaya gefen, kowa da hanyarsa, hadarin ya rayu awoyi yana tafiya yana ƙara ƙarfi. Keith Browning, wanda ya yi nazarin hadarin ƙanƙarar da ya afka wa garin Wokingham na Ingila ranar 9 ga Yuli 1959, shi ya fara siffanta mafi munin wannan jinsi, wanda iskarsa mai hawa take juyawa a kanta, kuma daga irinsa ne manyan ƙanƙara suke fitowa.

Wanda ya taɓa tsintar ƙanƙara babba ya raba ta biyu da wuƙa kafin ta narke, zai ga cikinta zobe-zobe ne kamar albasa, wani fari fat wani garau kamar gilashi, kuma waɗannan zobba tarihin tafiyarta ne a rubuce. Ruwa a cikin girgije ba ya daskarewa da zarar sanyi ya kai sifiri kamar yadda ake zato, ɗigo tsarkakakke yana iya zama ruwa har sanyi ya kusa digiri 40 ƙasa da sifiri, sai dai da ya taɓa wani abu daskararre nan take zai manne masa ya daskare. To, idan ƙwayar ƙanƙara ƙarama ta shiga yankin da irin wannan ruwa ya yawaita, galibi tsakanin digiri 10 da 30 ƙasa da sifiri, kowane ɗigo ta gamu da shi sai ya zama tufa a jikinta. Inda sanyi ya tsananta ruwa kuma ya yi kaɗan, ɗigon yakan daskare da gaggawa ya rufe ƙananan kumfa a ciki, zoben ya fito fari, inda kuwa ruwa ya yawaita, yakan malale a jikinta ya daskare a hankali, zoben ya fito garau. Abin da ke riƙe ta a sama duk tsawon wannan lokaci shi ne ƙarfin iska mai hawa, kuma gwargwadon ƙarfin gwargwadon girman da za ta kai kafin nauyinta ya rinjaya, har an ƙiyasta cewa ƙanƙara mai girman ƙwan kaza tana bukatar iska mai hawa da gudun fiye da kilomita 100 a awa. Wadda aka tsinta a ƙauyen Vivian na jihar Dakota ta Kudu ranar 23 ga Yuli 2010 kaurinta santimita 20 ne, nauyinta kuma ya kusa giram 900. A Gopalganj ta ƙasar Bangaladash, ranar 14 ga Afrilu 1986, an sami wadda ta haura kilo guda, mutum 92 suka rasa rayukansu, a Moradabad ta Indiya kuwa, cikin Afrilun 1888, mutum 246 ne.

Iska mai ɓarna ita ma daga sama take saukowa, kuma sababinta shi ne kishiyar na farko. Idan ruwa ya faɗo cikin iska busasshiya, sashensa yakan koma tururi, kuma kamar yadda tururi ke sakin zafi in zai zama ruwa, haka ruwa ke shan zafi in zai zama tururi, sai iskar ta yi sanyi ta yi nauyi ta ruguzo ƙasa, idan ta daki ƙasa kuwa ba ta da wurin zuwa sai ta watsu gefe da gefe da gudu. Wannan ita ce iskar sanyin da ke riga ruwa isowa. Ƙarfin da take dukan bango ko rufi da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba, idan gudun ya ninka sau biyu dukan yakan ninka sau huɗu, shi ya sa iskar da jiya ta kaɗa rassa kawai, yau da ɗan ƙari sai ta yaye kwano. Wani malami Bajapane a Jami'ar Shikago, Tetsuya Fujita, wanda a ƙuruciyarsa ya duba yadda bam ɗin Nagasaki ya kwantar da itatuwa ta kowace fuska daga tsakiya guda, ya ga irin wannan zane a dazuzzukan Amurka bayan hadari, sa'an nan da aka nemi ya binciki faɗuwar wani jirgin fasinja a filin jirgin saman Kennedy na birnin Niyok ranar 24 ga Yuni 1975, inda mutum 113 suka mutu, ya ce wata iska ce ƙarama, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, rayuwarta 'yan mintoci, ta faɗo daga girgije daidai kan hanyar jirgin. Da yawa daga cikin 'yan'uwansa malamai suka yi inkarin maganar, sai da aka kafa na'urori aka auna ta ƙuru-ƙuru a 1978 da 1982 kafin a sallama masa. Illarta ga jirgi yaudara ce, domin da farko takan buso ta gabansa ta ɗaga shi har matuƙi ya rage wuta, sa'an nan ta danne shi daga sama, daga bisani ta biyo shi ta baya ta zare ƙarfin da ke riƙe da fikafikansa, duk cikin ƙasa da minti guda, ga shi kuma kusa da ƙasa. Mu ma wannan musiba ba baƙuwarmu ba ce, gama rahoton binciken jirgin da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda mutum 96 suka rasu a cikinsa har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansu da rahama, ya ambaci saɓanin iska cikin sabubban hatsarin.

Shi kansa hasashen da ƙiyasi ya fara. Ranar 20 ga Maris 1948 guguwa ta afka wa sansanin sojan sama na Tinker a jihar Okalahoma ta lalata jirage masu yawa, sai kwamandan sansanin ya umurci hafsoshinsa biyu masu kula da yanayi, Manjo Ernest Fawbush da Kyaftin Robert Miller, su bincika ko irin wannan abu yana hasasuwa. Suka tattaro taswirorin ranakun da aka taɓa yin guguwa suna neman illar da ta haɗa su, kuma ba su gama ba sai ga safiyar 25 ga watan ta zo da taswira mai kama da ta ranar 20. A wancan zamani hukuma ba ta yarda a ambaci kalmar tonado cikin hasashe ba, don tsoron firgita jama'a, kuma hankali bai ɗauka cewa bala'i ɗaya zai dawo wuri ɗaya cikin kwana 5 ba, amma da kwamanda ya matsa musu sai suka yi ƙarfin hali suka ba da gargaɗi, aka shigar da jirage rumfuna aka kawar da mutane. Wajen ƙarfe 6 na yamma guguwar ta zo, ta yi ɓarnar dukiya, ba ta kashe kowa ba. Akwai sa'a cikin lamarin, amma hanyar da suka bi, ta haɗa asali da reshe saboda illar da suka yi tarayya a cikinta, ita ce ta zama tushen aikin har yau.

Magadan waɗannan hafsoshi suna zaune yanzu a garin Norman na jihar Okalahoma, a cibiyar hasashen hadari ta ƙasar, kuma aikinsu hawa-hawa ne, kowane hawa yana rage faɗin wuri da tsawon lokaci yana ƙara ƙarfin zato. Tun saura kwana 8 sukan fara nuna yankin da suke tuhuma, bisa ga lissafin manyan kwamfutoci, gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta yi muni. Idan ranar ta matso sai su zana taswira su ba kowane yanki daraja daga 1 zuwa 5, tare da adadi, misali 15 cikin 100, ma'anarsa kuwa ita ce yiwuwar a sami ƙanƙara ko iska mai ɓarna cikin tazarar kilomita 40 daga inda mutum yake tsaye. Idan saura awoyi, alamu kuma sun haɗu, sai su fitar da sanarwar zama cikin shiri ga yanki mai faɗi. Gargaɗi na ƙarshe, wanda ke cewa ga hadari nan ya doshi gari kaza a nemi mafaka, ofisoshi 122 da ke warwatse cikin ƙasar ne ke bayar da shi, kuma tsawonsa rabin awa ne zuwa awa guda. Dalilin da ya sa ba a iya tsallake hawa shi ne abin da Edward Lorenz ya bayyana a 1963, cewa kuskure ƙanƙani wajen auna halin iska na yanzu yakan yi ta haɓaka cikin lissafi har ya cinye hasashen baki ɗaya, kuma gwargwadon ƙanƙantar abin da ake hasashe gwargwadon saurin lalacewar. Hadari guda ƙaramin abu ne a ma'aunin sararin sama. Saboda haka malami yana iya cewa gobe lardi kaza yana cikin hatsari, ya kuwa yi gaskiya, amma ba shi da ikon faɗin gonar wa ƙanƙara za ta kwantar ta tsallake ta maƙwabcinsa.

A hawa na ƙarshen nan rada ce idon mai hasashe. Na'ura ce mai juyawa tana harba igiyar rediyo cikin gizagizai tana sauraron amsa-kuwwar da ke dawowa, daga ƙarfin amsar a gane yawan ruwa, daga sauyin muryarta a gane ko ɗigon yana matsowa ne ko yana nisa da kuma saurinsa. Amurka tana da irinta wajen 160, kowace tana kewaye sama cikin minti 5 ko makamancin haka, kuma tun 2013 aka gama ƙara musu ikon gane siffar abin da ke faɗowa, domin ɗigon ruwa babba yakan baje in yana faɗowa, ƙanƙara kuwa tana wulwulawa ne sai ta bayyana a dunƙule. Idan jerin hadari ya lanƙwashe a allon rada ya yi siffar baka, masana sun san iska mai tsanani tana tura tsakiyarsa. Duk da wannan shiri, ranar 10 ga Agusta 2020 hasashen daren bai ba lamarin girman da ya zo da shi ba, sai da gari ya waye aka ga abin da ke tasowa daga yamma aka yi ta ɗaga daraja, jerin hadarin kuwa ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,200 cikin awa 14, iskarsa ta kai kimanin kilomita 225 a awa a birnin Cedar Rapids na jihar Ayowa, ya kwantar da gonakin masara ya murƙushe rumbunan ƙarfe, aka ƙiyasta hasarar da dala biliyan 11.

Ƙasarmu tana da nata irin, kuma duk wanda ya yi bazara a Kano ko Damagaram ya san shi. Yini ake yi ana fama da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, sai bayan la'asar a hangi gabas ta yi ja, jan ya yi ta tasowa ya zama bango daga ƙasa har sama, shaho da hankaka suna shawagi a goshinsa, 'yan kasuwa suna rige-rigen naɗe kaya. Sai iskar da ke busowa daga kudu maso yamma ta ɗauke ɗif. Can sai sanyi ya daki fuska daga gabas, holoƙo ya rufe gari har mutum ba ya ganin ƙofar maƙwabcinsa, ledoji da kwanon rufi suna tashi, rassan darbejiya suna karyewa, kuma sai an yi minti 10 ko 20 cikin wannan hali kafin ɗigon farko ya sauka ya kwantar da ƙura. Rukunan da muka ambata duka suna nan, domin iskar damina mai danshi tana shigowa ta ƙasa daga tekun Gini, bisanta kuma a tsawon kilomita 3 zuwa 4 akwai iska busasshiya mai gudu daga gabas, ga saɓani ga bushewa. Tun 1945 wasu malaman yanayi biyu, Hamilton da Archbold, suka siffanta waɗannan sahu-sahu na hadari cikin rubutunsu kan yanayin Nijeriya. Galibi sukan haifu da rana a kan tuddai, kamar duwatsun Jos da na Azbin da na Darfur, su miƙe ɗaruruwan kilomita daga kudu zuwa arewa, su nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, har wasunsu su kwana suna tafiya, shi ya sa mutanen Yamai suka saba da ruwan asuba. Mafi yawan ruwan da ake noma da shi a yankin Sahel daga gare su yake, saboda haka abin da ke yaye rufin shi ne kuma ke cika rumbun. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa mafi tsananinsu sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma sun danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara.

Ƙanƙara kuwa ba ta cika kai mana ƙasa da girmanta ba, domin a sararinmu sai an hau kusan kilomita 5 kafin a kai inda ruwa ke daskarewa, tana saukowa tana narkewa cikin iska mai ɗumi. Masu shan wahalarta su ne mazauna tuddai, kamar manoman tumatir da kabeji da dankalin Turawa a ƙasar Jos, da masu gonakin shayi a Kericho ta ƙasar Kenya.

Abin takaici shi ne lissafin kwamfuta, wanda ke aiki sosai a Turai da Amurka, yana da rauni ƙwarai a yankinmu, domin a can manyan rundunonin iska masu zafi da masu sanyi ne ke jan ragamar yanayi, ana kuwa ganin tahowarsu tun da nisa, a nan kuwa hadari yana iya tashi saboda abu ƙanƙani, har an gano cewa yakan fi son haifuwa inda busasshiyar ƙasa ta yi iyaka da wadda ruwa ya jiƙa jiya, ga kuma ƙarancin tashoshin balan-balan da rada a duk faɗin nahiyar. Amma Allah Ya ba mu wani sauƙi da ba kowa ya samu ba, shi ne hadarinmu yana da tafarki sananne, idan ya haifu daga gabas zai zo, yamma kuma zai nufa. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda ke tsaye a tsawon kilomita 36,000 bisa Afirka, suna aiko da hoto duk bayan 'yan mintoci, wanda aka harba cikin Disamban 2022 ma har walƙiya yake gani, kuma hukumar NiMet ta Nijeriya da cibiyar ACMAD da ke Yamai suna samun waɗannan hotuna. Sahun hadarin da ya rufe Azare da ƙarfe 4, idan bai mutu a hanya ba, yana bukatar kamar awa 3 kafin ya iso Kano, awa 3 kuwa sun isa masunci ya fito daga ruwa, mai gini ya sauko daga bene, malamin makarantar allo ya tashi almajirai daga ƙarƙashin itace. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, sai dai fa wajibi ne wani ya gaya maka ya kama, da harshen da kake ji, ta rediyon da ke rataye a wuyanka ko wayar da ke aljihunka, kuma cikin awar da labarin ke da amfani, tun da gargaɗin awa 3 ba ya jiran labarun ƙarfe 8 na dare.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya rataya a wuyan jama'a. Mai hasashe ba ya ƙwarewa sai ya san inda ya dace da inda ya kuskure, rada kuwa ba ta ganin abin da ya sauka a tsakar gida, shi ya sa a Amurka aka horar da dubban ɗaruruwan 'yan sa-kai, manoma da direbobi da malaman makaranta, waɗanda idan ƙanƙara ta zuba sukan auna ta su buga waya ofishin yanayi su faɗi girmanta da wuri da lokaci. A wurinmu ƙanƙara takan kashe gonar albasa, iska ta yaye rufin aji shida, a yi jaje a ce ƙaddara ce, lalle kuwa ƙaddara ce, amma imani da ita bai hana a rubuta ranar da sa'ar ba. Malamin gona a kowace ƙaramar hukuma, da ɗan littafi da ma'aunin inci irin na tela da lambar wayar ofishin yanayi mafi kusa, ya isa ya fara wannan aiki tun daga bazarar bana.